Makwancin Dogon Yaro

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. Baba ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Laraba da hantsi, a ƙarshen bazara, a ɗakin Inna da ke gidanmu na Gehuru. Ni ce babbar 'yarsa. Ina aure a Jega, kuma ko da mai babur ya sauke ni a ƙofar gida har an gama yi wa Baba wanka. Ban same shi da rai ba, abin nan yana ci mini rai har yau.

Na ɗauka na san mutanen Baba, ashe ko rabinsu ban sani ba. Mai saran icce ne fa, ba hakimi ba, amma a zaman makoki tabarmi suka ƙare har sai da aka aro na masallaci. Wani tsohon masassaƙin turmi daga kasuwar Jega ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna zai yi gaisuwa. Da ƙyar ya ce, "Yanzu wa za ya zaɓa muna icce?" Ya tashi ke nan, ya fita yana share ido da hularsa. Wani dattijon Bafulatani daga wajen Maiyama ya zo da ƙwaryar nono, ya ba mu labarin wani gawo da shanunsa ke wuni a ƙarƙashinsa da rani. Mai gona ya kira Baba ya sare shi, Baba ya zagaya shi, ya ga kashin shanu a gindi, ya saɓa gatarinsa ya koma gida. Masu haƙar kabari kuwa suka aiko wa Inna cewa guntayen iccen da aka jera aka rufe Baba da su, daga tarin da shi kansa ya ajiye a maƙabarta aka ɗebo. Haka yake yi tun ina yarinya. Duk iccen da ya sara sai ya ware rassa miƙaƙƙu, ya datse su daidai faɗin kabari, ya kai ya jibge, ba ya jiran kowa ya ce an gode.

Wanda ya sa muka yi dariya cikin kuka shi ne wani manomin albasa daga Aliero. Ya ce wa Inna, "Allah shi ba da haƙuri. Ni dai abu guda yat tsaya min ga rai. Bara na sa ɗan ƙanwarshi ya sare min wani icce a gona da inji. Washegari na iske Malam tsugune gaban gungumen, shina cusa karan dawa cikin tsagar da injin ya bari, shina hiddowa shina dubawa. Yac ce kar in gaya ma kowa ya zo."

Mata suka kalli juna. Wata ta ce, "Oh, Malam! Har Aliero neman laifi?" Domin kowa ya san Baba da wannan ɗan ƙanwar tasa, ɗan Gwaggo, sun daɗe ba sa ga maciji. Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba.

Duk wanda ya shigo gaisuwa kuma, in ya gama addu'a sai ya ɗaga kai. A tsakar gidanmu akwai wani ƙaton dogon yaro da Baba ya dasa shekarar da aka kawo Inna, don ta sami inuwar daka. Wata iska ta damina ta taɓa karkatar da shi, ya jingino ta kan ɗakin Inna, saiwarsa ta tsaga bango daga ƙasa har taga. Kowa zai kalle shi, ya kalli ɗakin, ya rage murya ya ce, "A yi wani abu kafin ruwa ya sauka."

In zan ba da labarin Baba, dole in fara da weji. Direbobi sun san weji a matsayin katakon da ake tokare tayar mota da shi. Na masu sara daban ne: guntun icce mai kaifin baki da kaurin ƙeya, wanda ake cusawa cikin sara a doka, ya ɗaga icce ya tura shi inda ake so. Baba yana da burgami guda cike da su, kuma wallahi ya fi kishinsu a kan hularsa ta Sallah. Ranar da na ɗauki ɗaya na tokare ƙofar madafa, da kuka na kwana.

Ba kowane icce yake sassaƙa weji da shi ba. Ƙirya yake nema, in ta faskara ya yi da kanya. Ɗanyen icce ba ya taɓawa, sai ya rataye guntun a saman madafa ya sha hayaƙi damina da rani, har ya yi baƙi ya ƙeƙashe. In zai sassaƙa sai ya bi tsawon jijiyar iccen, ya ce wanda aka yanka a karkace bugu biyu zai dare. Ba ya goge fuskarsa ta yi sumul, da gangan yake barin ta da kaushi don kada icce ya tofo shi waje. Akwai na ƙarfe guda biyu da maƙeri ya ƙera masa da sifirin mota, waɗannan na faskare ne kawai, ba sa zuwa kusa da icce mai tsaye. Kuma ba ya zuwa daji da weji ɗaya. Sai ka ji ya ce, "Guda ɗaya gardama ce, biyu shawara."

Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne a ce masa ya kayar da icce. Ka zo ka ce, "Malam, a zo a kayar min da icce," sai ya dube ka sama da ƙasa.

"Ni ɗan kokawa na? Ban kada icce. Kwantar da shi nikai."

Yadda yake yi, sai ya zagaya iccen ya duba inda nauyinsa ya karkata, ya duba inda yake so ya kwanta, ya share wurin, ya kori ko kaza ce. Sannan ya sare ɗan ɓangare a gefen da yake so, abin da yake kira baki. Ya koma baya ya sari ƙeya. Tsakanin baki da ƙeya yana barin wani siririn nama bai yanke ba, shi ne jijiya, ita ke riƙe icce ta karya da shi a hankali. Sai ya sa weji biyu a ƙeya, ya ɗauki guduma, ya taɓa wannan, ya taɓa wancan, ya tsaya ya kasa kunne. Yana cewa icce na magana kafin ya tashi, mai gaggawa ne ba ya ji. In an tambaye shi sirrin, amsarsa ɗaya ce: "Baki aka ba icce." Kuma da gaske yake, ta kowace fuska ka ɗauki maganar. Haka yake yi da mu ma. Bai iya faɗa ba, sai dai ya zauna kusa da kai ya taɓa nan ya taɓa can, har ka ga ka kwanta inda yake so.

Mutum ɗaya ne wannan lallashi bai ci ba, ɗan Gwaggo, ɗan ƙanwar Baba. A gidanmu ya tashi, shi Baba ya koya wa sara tunda ƙannena maza duk sun bi albasa da boko. Taubashina ne, har yau bawana nake kiransa, shi kuma ya ce mini mai bakin reza. Hannunsa na da kyau, Baba da kansa ya sha faɗa a bayan idonsa. Amma yana da wutar ciki. Da ya kama ƙarfi ya sayi injin yankan icce, aiki ya buɗe masa daga Jega har Maiyama, abin da Baba ke wuni yana yi shi kafin shayi ya huce ya gama.

Wata rana aka kira shi sare wata tsohuwar ɗorawa kusa da rumbunan albasar wani mutum. Ya sa wejin ƙarfe a ƙeya don shi ya tarar kusa. Sarƙar injin ta ci karo da ƙarfen ta tsinke, ta zabge masa damtse, ɗorawa kuma ta juya ta bi son ranta, ta murƙushe rumbu guda da albasar da ke ciki. Allah ya kiyaye ba rai. Baba ya je duba shi, ya ga hannun a naɗe, ya tabbatar zai warke. A nan ya kamata tsohon nan ya yi shiru. Ina! A gaban mutane ya ce, "To, ka kada icce. Sannu ɗan kokawa."

Ɗan Gwaggo, ga ciwo ga kunya, ya ce, "Kawu, zamanin lallashi ya wuce."

Baba ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Muddin ina numfashi, injin ga bai shiga gidana."

Ni dai na faɗa a lokacin kuma ina maimaitawa, dukansu biyu ba su kyauta ba. Ba su daina gaisawa ba, ɗan Gwaggo na zuwa da Sallah ya durƙusa, Baba ya amsa. Amma hira ta mutu. Kuma Baba mutum ne da in magana ta fita bakinsa ba ya komawa ya lashe ta, ko da ita za ta kashe shi.

Sai ga dogon yaro ya karkata, a daidai lokacin da kafaɗar Baba ta daina ɗaga gatari. Nan aka shiga rigimar da ta fi kowace daɗewa a gidanmu. Duk hadarin da ya haɗu sai Inna ta fito ta riƙe ƙugu.

"Malam, so kake iccen ga ya zama ajalina? Ka kira yaron ga ya sare shi mana!"

"Lokaci bai yi ba."

"Sai ya danne ni lokaci za ya yi?"

"In ya tashi kwanciya ba bisa gare ki za ya kwanta ba."

Ya hana a kira wani mai gatari, ya ce icce mai jingine a kan ɗaki ba na koyon hannu ba ne. Ya hana a kira mai inji saboda rantsuwarsa. Ga kuma wani abu da ya ƙara ɓata mana rai. Akwai wani dogon fili a tsakar gida, daga gindin iccen zuwa katangar yamma, wanda ya hana kowa taɓawa. Ƙanena ya so ya kafa rumbu a wurin, ya hana. Inna ta shuka kuɓewa, ya tuge. Aka ɗaure akuya, ya kwance ta ya mayar baya. Kullum da safe shi ke share wurin da kansa. Na taɓa ce masa, "Baba, filin ƙwallo za ka buɗe?" Ya yi murmushi ya ce bakina zai ja mini wata rana.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, aka bar mu da icce. Inna kuwa na cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, wato damina gaba ɗaya a ƙarƙashinsa. Na roƙe ta ta koma ɗakin ƙanena da ke ɗaya gefen gidan, tunda duk gidan mijinta ne. Ta ce, "Nan ya bar ni, nan za ni gama." Na yi faɗa, na yi kuka, na turo mata liman. Ko gezau. Ashe taurin kan da muke ɗora wa Baba, rabinsa nata ne.

Ana haka hadarin farko ya taso da la'asar. Ruwan bai taka kara ya karya ba, amma iskar ta yi ɓarna. Wani reshe ya ɓalle ya huda kwanon ɗakin daidai saitin gadonta, tsagar bango ta buɗe har hannuna na shiga. Ina tsaye ina kallon iccen yana sunkuyawa yana ɗagowa, ita kuwa tana zaune a ciki da carbinta. Washegari da sassafe na aika a kira mini ɗan Gwaggo.

Ya zo hannu rabbana, ba inji. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, kansa a ƙasa. Tun ranar jana'iza bai iya haɗa ido da ita ba.

Na ce, "Bawana, ina injin? Da haƙori za ka sare shi?"

Bai rama ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ce, "Kawu ya hana. Ban shigo mishi da shi gida da ranshi ba, ba ni yi bayan ranshi. Ku nemi wani."

Inna ta ɗaga labule. "Mi yac ce maka ranar?"

"Yac ce muddin shina numfashi."

"To kai ka ji shina numfashi?"

Ɗan Gwaggo ya ɗago kai. Ta dube ni ta ce in shiga madafa, in taka turmi, in sauko da abin da ke rataye bayan burgamin Baba. Wani ƙunshi ne a tsohon buhu, ya yi baƙi da hayaƙi. Ta ce in ba shi. Ya kwance. Weji ne na ƙirya guda huɗu, amma ba irin na Baba ba. Na Baba masu kauri ne kamar kan taɓarya, saboda saran gatari baki gare shi mai faɗi. Waɗannan dogaye ne, sirara, shimfiɗaɗɗu kamar harshen sa. Ni ban gane komai ba. Shi kuwa ya juya ɗaya a hannunsa, ya gwada kaifin bakin da farcensa.

"Wanga bai shiga saran gatari," ya ce. "Na tsagar inji na."

Sai maganar manomin Aliero ta faɗo mini, karan dawa da gungume. Tsohon nan ya hau babur da ciwon kafaɗarsa har Aliero don ya auno faɗin bakin injin da ya tsana.

Inna ta ce, "Da rani yaz zauna nan shina sassaƙa su, kwana da kwanaki. Nac ce na wa na? Yac ce in aje, mai su za ya zo." Ta saki labule.

Ɗan Gwaggo ya kifa fuskarsa a kan buhun nan ya yi kuka irin na ƙaton namiji, mai ban tausayi da ban kunya. Na bar shi ya gama. Sannan na ce, "To ka tashi, hadari ba ya jiran bawa."

Kafin hantsi ya dawo da inji da maƙwabta. Da farko ya hau ya rage rassan da ke kan ɗakin, ana zuro su da igiya ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaura doguwar igiya a sama, ya ba maza suka riƙe daga can bayan katanga. Sannan ya tsaya a gindin iccen yana neman inda zai buɗe baki. Ya juya gabas ɗaki, kudu madafa, arewa rijiya. Ya juya yamma, ga filin Baba a share, miƙe har katanga. Ya dube ni, na dube shi.

Saura Inna. Ta ce ba ta fita, tunda Malam ne ya sassaƙa wejin ai ba abin da zai same ta. Ɗan Gwaggo ya ajiye injin, ya koma ya durƙusa.

"Inna, Kawu bai taɓa sa gatari ba da ko kaza a ƙarƙashin icce. In kina ciki ban tada injin ga."

"Au, ni ce kazar?"

"Ke ce uwar gida. Ki taimake ni in yi mishi aikinshi yadda yake so."

Can sai ga ta ta fito da mayafinta da carbinta, tana cewa yaron nan ya koyi ba da baki. Na shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure.

Ya yi bisimilla ya tada inji. Ya buɗe baki ta yamma, ya koma ƙeya. Da injin ya ɗan shiga ciki sai ya cusa weji biyu a bayansa, suka shige tsagar kamar an haife su a ciki. Ya ƙara yanka kaɗan, ya bar jijiya, sannan ya yi abin da ban taɓa ganin mai inji ya yi ba. Ya kashe shi, ya ajiye gefe, ya ɗauki gudumar Baba.

Ya taɓa wannan, ya taɓa wancan, ya tsaya ya kasa kunne. Gidan ya yi shiru har kukan kurciya muna ji. Iccen na nan jingine a kan ɗakin, ko motsi. Ya ci gaba. Wejin hagu ya fara tofowa waje, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan ɗaki ya tafi. Ya duƙa ya ɗebi yashi ya watsa a fuskarsa, ya mayar, ya ɗora na uku a kai. Gumi na zuba, tabon damtsensa na sheƙi. Sai muka ji wata 'yar ƙara daga cikin iccen, kamar ana buɗe tsohon ƙyaure. Inuwar da ke kan kwanon ɗakin ta fara janyewa. Dogon yaro ya miƙe tsaye, yadda na san shi ina yarinya, ya ɗan dakata. Ɗan Gwaggo ya ƙara taɓa weji sau ɗaya, ya ja da baya ya ce, "A saki igiya!"

A hankali ya tafi, ya kwanta a filin Baba, kansa ya tsaya dab da katanga bai taɓa ta ba. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta tashi, maza suka yi kabbara. Ni kuwa na ce, "Kai, bawana, ka kayar da shi!"

Ya share fuska ya ce, "Kwantar da shi nay yi."

Allah Ya ji ƙan Baba, Ya yafe masa taurin kansa, Ya shimfiɗa masa makwanci mai faɗi kamar yadda ya share wa icce nasa. Ya sa inuwar da ya bar wa shanun mutane da iccen da ya rufa wa mamata su tare shi ranar da babu inuwa.

Na ɗauka Inna za ta yi murna, ita da ta yi shekaru tana neman a raba ta da iccen nan. Ta tashi ta tako tsakar gida. Rana ta ƙwalle a wurin da ban taɓa ganin rana ba, ta kare ido da tafin hannu. Ta daɗe tsaye a gindin kututturen. Ɗan Gwaggo ya riga ya fara ware miƙaƙƙun rassa gefe guda, ba wanda ya ce masa ya yi, yana datse su daidai faɗin kabari.

Inna ta ce, "Na maƙabarta na?"

"I, Inna."

"To ka zaɓi masu kyau ka ware min nawa, ka rataye a madafa kar gara ta ci."

Na ce, "Haba Inna, wace irin magana ce wannan?"

Ta ce, "Don ni ya dasa shi. Ban gama shan inuwar ba."